Neman bindigar harbin faifai daga Sakkwato

A Sakkwato, duk wanda ya ji kana neman bindiga abu biyu yake kawowa a ransa: ko farauta, ko tsaron kai. Na biyun ma ya fi yawa yanzu, ganin halin da gabashin jihar ke ciki, daga Isa da Sabon Birni har Rabah da Goronyo. Ni kuwa wasa ne ya sa ni nema. Masu shi suna ce masa tirap, mu a nan harbin faifai muke cewa. Inji ne ke cilla wani ɗan faifai mai launin ruwan lemo, ya tashi yana gudu yana nisa da kai, kai kuma ka fasa shi kafin ya sauka. Wasan yana cikin gasar Olamfik tun ta birnin Faris a 1900, mata kuma sun samu rukuninsu a Sidni a 2000. A gasar 2024 wata 'yar Gwatemala, Adriana Ruano, ta ci zinare a cikinsa, shi ne kuma zinaren farko da ƙasarta ta taɓa samu a Olamfik.

Ta hannun wani dattijo na shiga, abokin mahaifina, tsohon soja da ya yi ritaya yana manjo. A wani kwas da ya je ƙasar waje ya koyo wasan. Shi da abokansa 'yan kaɗan, kowa da lasisinsa, sukan fita wata gona can bayan Dange idan an kawar da amfani, lokacin da fili ya buɗe ana hango mutum tun daga nesa. Inji ɗaya gare su, mai aiki da batirin mota, da doguwar waya da maɓalli don kada kowa ya tsaya gaban masu harbi. Ba a fita sai an sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da mai gari, domin ƙarar bindiga a ƙauye yanzu tana iya sa mata su kwashi yara su yi daji. Ana kuma barin aƙalla mita 275 a gaba babu mutum, babu dabba, babu hanya, don dalmar ta samu inda za ta zuba. Da farko maɓallin nake danna musu. Mai harbi ya ce “saki”, in danna, faifai ya tashi. Daga baya Baba Manjo ya fara miƙo mini tasa in gwada yana tsaye a bayana, har ta kai na ce masa ina son tawa.

Bai fara da zancen ƙarfe ko katako ba. Cewa ya yi, “Ɗana, kahin ka yi zancen suna da kuɗɗi, tahi ka karanta doka. Bindigad da doka ba ta ba ka ba, ko kyauta anka ba ka, wahala ta.” Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Sai na ɗuri ta baki, irin adakar maharba, da ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar watsa dalma tana rukuni na biyu, amma da togaciya: ban da mai ɗora wa kanta harsashi, ban da kuma mai wata na'urar ɗorawa. Wannan togaciya ta rage mini rabin aiki. A Amurka mutane da yawa da Remington 870 ko 1100 suke fara harbin faifai, saboda sun fi sauƙin kuɗi. Ta farkon ita ce ake ja da hannu ta ɗora, irin wadda jama'a ke kira fom-akshin, ta biyun kuma da kanta take ɗorawa. Duka biyun ba rabona ba ne a ƙasar nan. Wanda ya tuna fom-akshin 661 da kwastam suka kama a Legas a Janairun 2017 ya san idon da hukuma ke kallon su da shi. Abin da ya rage mini shi ne wadda ake karyawa a tsakiya, a zura harsashi da hannu, a rufe.

Dokar ta kuma hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka yanke wa hukunci kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. Nawa lasisin ya riga sanarwar da Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya yi a Agustan 2023 ta dakatar da ba da sabo, don haka mai sha'awa ya fara zuwa hedikwatar 'yan sanda ya ji inda aka kwana kafin ya ɗora ransa a kan wata bindiga. Ƙirar gida kuwa ban ko saurari zancenta ba. Bayan matsalar doka, bututun da ba a gwada ƙarfinsa ba bai kamata ya kusanci fuskar mutum ba, balle a wasan da ake harbi ɗaya bayan ɗaya har ƙarfe ya yi zafi.

Da kawuna ya ji labari sai ya shiga ɗaki ya fito da tasa, mai baki biyu gefe da gefe, ƙirar Rasha, da takardunta a cikin leda. “Wagga ta ci dinya ta ci kirinjijiya a Kwalkwalawa tun ba a haihe ka ba,” in ji shi. “Mi za ka yi da wata?” Gaskiyarsa ce a kan abin da ya sani. Bindiga ce mai aminci, ba ta taɓa ba shi kunya a fadama ba. Ya bi mu gona da ita wata Asabar, muka gwada ta a kan faifai, nan na ga bambancin aikin da aka ƙera ta dominsa da aikin da nake so in sa ta.

Bindigar farauta ana yin ta ne don a yini da ita a kafaɗa, a yi harbi kaɗan. Shi ya sa ake rage mata nauyi zuwa wajen kilo 3. A harbin faifai kuwa zagaye ɗaya faifai 25 ne, kowanne kuma a dokar Olamfik kana da damar harbi biyu, wato harsashi zai iya kai wa 50 kafin ka zauna. Duk ƙarfin da ya tura dalma gaba, kwatankwacinsa yana dawowa baya, kuma idan bindiga ba ta da nauyin da za ta shanye shi, kafaɗa da kunci ne za su shanye. Kafin mu gama zagaye da ta kawu kuncina ya fara tsami, yatsun da ke riƙe da gaba kuma suna taɓa ƙarfe mai zafi, saboda katakon gaban irin wannan ƙira siriri ne. A watan Afrilu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bindigar tirap tana kai wa kilo 3.6 zuwa 4, bututunta inci 30 ko 32, wato santimita 76 ko 81. Nauyin yana rage duka, tsawon kuma yana sa idan ka fara bin faifai da bakinta ba ta tsayawa farat ɗaya.

Sai babban bambancin, wanda faifan ne da kansa ya jawo shi. A filin Olamfik injina 15 ne a cikin rami, uku-uku a gaban kowace matsaya biyar, mita 15 daga ƙafar mai harbi. Faifan faɗinsa milimita 110 ne, nauyinsa wajen giram 105, an saita shi ya yi tafiyar mita 76, kuma yana iya karkata hagu ko dama har digiri 45. Ba ka san inda zai bi ba sai ya fito. Namu injin guda bai kai wancan gudu ba, amma halin ɗaya ne: faifan yana tashi sama a daidai lokacin da kake harbinsa. Bindigar farauta tana zuba dalma daidai inda ka auna, rabi sama rabi ƙasa. Don ka samu abin da ke hawa da ita sai ka rufe shi da bakin bindiga, ka harbi abin da ba ka gani. Ita ta tirap an ɗaga mata makwancin kunci, ido ya ɗan hau sama, sai kashi 60 ko 70 cikin ɗari na dalmar ya zuba saman inda ka auna. Kana ganin faifan zaune a kan ɗigon saiti ka danna kunama, ya hau ya tarar da dalmar. Ranar da Baba Manjo ya zana mini wannan a ƙasa da tsinke na fahimci dalilin da ya sa faifai ke fashewa da tasa, su tsira da ta kawu, alhali hannu ɗaya ne ke riƙe da su. Na mayar wa kawu da tasa da godiya.

Kafin in kalli bindigar sayarwa ko ɗaya, Baba Manjo ya ce sai ya auna ni. Ya sa na miƙe hannuwa biyu, na haɗa su na bar 'yar kafa a tsakiya, na kalli idonsa ta cikin kafar da idanuna biyu a buɗe. Ya yi shiru, ya sa na sake. Sannan ya ce idona na hagu yake gani a kafar. Da dama nake ci, da dama nake rubutu, amma idon hagu ne ke jagorancin ganina. A bindigar watsa dalma babu saitin baya. Idonka shi ne saitin bayan. Idan ta zauna a kafaɗar dama alhali idon hagu ke mulki, bakinta zai riƙa nuna gefe kana zaton ka daidaita. Hanya biyu ce: ko a manna ɗan tabo a gilashin hagu na tabarau ya dushe ganin wannan ido, ko a koyi harbi daga kafaɗar hagu. Ya ce tunda ban riga na saba ba, in koma hagu, in ci moriyar idanu biyu a buɗe.

Kawu bai so ba. “Bindiga da hagu? Gidanmu ba a taɓa yi ba.” Baba Manjo ya ce masa, “Alhaji, ido ka harbi, ba hannu ba.” Na bi shawarar Manjo, ban kuwa yi nadama ba, ko da yake makonnin farko sai da na riƙa ɗaga tabarya a ɗaki ina koya wa kafaɗar hagu abin da ba ta taɓa yi ba.

Wannan ya ƙara ƙuntata zaɓina. Yawancin bindigogi ana ɗan karkatar da gindinsu ne don mai harbi da dama, yadda idonsa zai faɗo daidai kan layin ƙarfen da ke bisa bututu. Bahago ya ɗauki irin wannan, katakon zai ture masa fuska gefe. A Turai akwai masu gyaran da ke lanƙwasa gindi da mai mai zafi. Ni da ke Sakkwato dole in nemi mai miƙaƙƙen gindi, ko wadda makwancin kuncinta ke motsawa da ɗan makulli, a ɗaga shi ko a matsar da shi gefe.

Mun yi awon a falon Baba Manjo, gaban dogon madubi, da bindigogin abokansa da suka yarda suka kawo. Kowacce sai an karya ta, mu biyu mun leƙa mun ga haske ta bututu, sannan in ɗauka. In rufe ido, in ɗaga ta zuwa kunci da kafaɗa, in buɗe, mu ga inda ƙwayar idona ta zauna a madubi. Idan ta nutse bayan ƙarfe, makwancin ya yi ƙasa. Idan ta kauce gefe, karkatar ba tawa ba ce. Tsawon gindi kuma, daga kunama zuwa robar da ke taɓa kafaɗa, yawanci wajen santimita 37 ne, amma abin da Manjo ke dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin hancina da babban yatsan da ke riƙe da wuyan bindiga: yatsa biyu ko uku. Idan ta gaza haka yatsan zai doki hanci, idan ta wuce kuma gindin zai riƙa sarƙe riga a hamata. Ya ja mini kunne in yi awon da irin rigar da zan riƙa harbi da ita, domin rigar sanyi ta hunturu tana ƙara tsawo, babbar riga kuwa ba ta shiga wannan fili. Aikin ya zama tamkar na tela: sai da muka fitar da awona a takarda, sannan aka tafi neman abin da zai shige shi. A ganina nan ne zaɓin ya ƙare, sauran duk bin sawu ne.

Batun lamba bai ɗauke mu lokaci ba. Lamba 12 ce, mai faɗin rami wajen milimita 18.5. Ita ce mafi girma da hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, ta yarda da ita, ita ce kuma harsashinta ya fi samuwa. Wasu kan ba sabon shiga shawarar lamba 20, mai ƙaramin rami, wai ta fi sauƙi, amma da yake bindigar tata ma ta fi rashin nauyi, dukan bai cika raguwa ba. Akwai kuma haɗarin da ya sa ƙungiyarmu ba ta haɗa lambobin biyu a fili ɗaya: harsashin 20 yana iya zamewa cikin bututun 12 ya maƙale, mutum ya ɗora na 12 a bayansa, bututun ya tarwatse. Mai baki ɗaya ma na duba, irin Browning BT-99 da Amurkawa ke so, domin a tsarinsu harbi ɗaya ake yi wa faifai. Ni tsarin harbi biyu nake son koya, sai na tsaya a kan mai baki biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ido yana bin layi guda siriri, katakon gaba ya rufe ƙarfe, kuma da yake bututun ƙasa ake fara harbawa, dukan yana tafiya miƙe cikin kafaɗa, baki bai cika tsalle ba kafin harbi na biyu.

Sunayen manya kowa ya san su. Beretta tana Gardone a Italiya tun 1526. Perazzi, wadda aka kafa a 1957, ta ƙera MX8 ne don gasar Meziko ta 1968, har yau kuma zakaru na riƙe ta. Krieghoff tana Jamus. Kuɗin irin waɗanda zakaru ke amfani da su ya isa mota, ban kuwa ga amfanin sabon shiga ya fara daga can ba.

Dila mai rajista da aka haɗa ni da shi ba a jiharmu yake ba, sai da muka yi tafiya ni da Baba Manjo. Cikin abin da ke ma'ajiyarsa, uku ne suka shiga aljihuna. Ta farko sabuwa ce fil, ƙirar Turkiyya, bututu inci 28, mai matsin baki, wato tsukewar ƙarshen bututu da ke hana dalma bazuwa da wuri, irin wanda ake kwancewa a canza. Ba ta da aibi, sai dai ta farauta ce: ba nauyi, makwancin kunci ƙasa, gindi ya karkata dama. Ta biyu tsohuwa ce ƙirar Turai, da zanen tsuntsaye a jikinta da katako mai kyan gani. Ita ta fara ɗaukar idona. Manjo ya cire katakon gabanta, ya riƙe ta a wuya ya girgiza, muka ji tana ƙas-ƙas a mahaɗa. Ya ɗaga ta wajen taga, ga haske siriri tsakanin bututu da fuskar ƙarfen da yake rufuwa a kai. Ɗan hannun da ake turawa a buɗe ta ma ya wuce tsakiya ya koma hagu, alamar makullin ciki ya cinye. Duk wannan yana gyaruwa a inda akwai magyara da kayan gyara. Ya ajiye ta bai ce komai ba, dilan ma bai yi musu ba.

Ta ukun Miroku ce, MK38 ta tirap, ta ga jiya, shuɗin ƙarfenta ya koɗe a inda hannu ke kamawa. Kamfanin yana Kochi a Japan, shi ne kuma ke ƙera wa Browning samfurin Citori tun 1973, a kan tsarin da ya samo asali daga ƙirar John Browning da ta fito kasuwa a 1931. Manjo ya bi ta da irin binciken da ya yi wa ta biyun, har da ƙari. Ya girgiza, shiru. Hannun buɗewa yana dama da tsakiya, wato da sauran rai a makullin. Ya raba bututun da jiki, ya rataye shi a yatsa ya ƙwanƙwasa da bayan biro, ya yi ƙara mai tsawo. Da layin saman ya fara ɓallewa daga walda, da ƙarar ta mutu nan take. Ya leƙa ciki ta kowane ɓangare yana juyawa a hankali, yana neman tsatsa mai rami, ko loɓawa, ko kumburi. Ya shafa wajen da yatsa. Ya duba katako daidai inda ya haɗu da ƙarfe, domin nan tsagewa ke farawa. Ya sa harsashin gwaji marar albarushi, ya danna kunama, ya bugi gindin da tafin hannu, ya sake dannawa, ta biyun ta faɗi. Irin wannan ƙira dukan harbin farko ne ke shirya na biyu, shi ya sa sai an bubbuga. Ya buɗe, kwanso biyun suka yi tsalle tare. Daga ƙarshe ya nuna mini hatimin gwajin ƙarfi a ƙasan bututu, da rubutun da ke nuna ɗakin harsashinta milimita 70 ne. Wannan rubutu yana da muhimmanci, domin tsofaffin bindigogin Ingila da yawa milimita 65 ne, kuma ba a sa musu dogon harsashi.

Sannan ya miƙo mini. Na rufe ido na ɗaga ta hagu, na buɗe. Gindinta kusan miƙe yake, makwancin kuncin kuma mai motsi ne. Idona ya ɗan kauce, amma kaucewar da makulli zai gyara ce. Tsawon ya zo daidai da abin da ke takardata. Matsin bakinta na dindindin ne, kashi uku cikin huɗu a ƙasa, cikakke a sama, abin da tirap ke buƙata ke nan, tunda harbin farko yana samun faifai ne a wajen mita 30 zuwa 35, na biyu kuma ya fi haka nisa. Ba za ta yi kyau da harbin kusa ba, ba kuma za a sa mata harsashi mai ƙwayar ƙarfe ba saboda matsin ya yi yawa. Na yarda da wannan, aiki ɗaya na saye ta ta yi. Na biya, ta ci gaba da zama a ma'ajiyar dila da lambarta a cikin takardun da na cike, har izini ya fito. Kafin nan na sa maƙeri ya haɗa mini akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu, aka kafe shi a bango, da wani ƙarami daban na harsashi.

Ranar farko da ta zo gona ba mu cilla faifai ko ɗaya ba. Kwalayen firji muka buɗe muka kafa, muka yi baƙin tabo a tsakiyar kowanne. Daga wajen mita 15 nake ɗagawa in harba ba tare da dogon saiti ba, yadda zan yi wa faifai. A wannan tazara, duk kaucewar santimita 5 a kwali tana nufin gyaran kusan milimita 3 a makwancin kunci. Dalmar ta taru dama kaɗan, kuma ba ta hau yadda muke so ba. Manjo ya matsar da makwancin, ya ƙara masa zobe siriri a ƙasa, muka sake, har tarin ya dawo tsakiya, mafi yawansa saman tabon. Sai muka ja baya zuwa yadi 40, wajen mita 36 da rabi, muka zana da'ira mai faɗin inci 30 a inda dalmar ta fi cika, muka zauna ƙarƙashin aduwa muna ƙirga ramuka da biro. A ƙa'ida cikakken matsi yana sa wajen kashi 70 cikin ɗari a da'irar. Abin da ya fi damun Manjo ba jimillar ba ce, gurabe yake nema, wuraren da faifai zai iya bi ta ciki bai taɓu ba. Bai samu wanda ya tayar masa da hankali ba. Ya ɗaure makullin da kyau, ya ce kada in sake taɓa shi don na yi kuskuren faifai, sai idan kwali ne ya nuna.

Harsashi shi ne kuɗin gaske a wasan nan, kuma wanda ke shirin shiga ya yi lissafinsa kafin na bindiga. Mai harba 100 a mako zai ƙone 5,200 a shekara, ga shi doka ta ɗaure mallakar harsashi da sharuɗɗan lasisi, ga wahalar samun irin wanda ya dace. Harsashi mai lambar BB da maharba suka saba da shi na zabo da agwagwar ruwa ne, ƙwayarsa manya, ba ta da yawa, tana kuma tafiya nesa fiye da filin da muka tanada. Dokar ISSF ta tsaya a kan giram 24 na dalma, ƙwayar kada ta wuce milimita 2.6. Mai milimita 2.4 yana ɗauke da ƙwaya kusan 300, uku ko huɗu kawai suka isa su fasa faifai. Shi ne kuma ya fi tausayin kafaɗa. Faifan ma daga waje yake zuwa, don haka waɗanda suka faɗa kan rairayi ba su fashe ba mukan tsince su mu sake cillawa. Fasassun kuwa sharewa muke yi mu kwashe, saboda da dutsen farar ƙasa da wani abu mai kama da kwalta ake yin yawancinsu, kuma shanun Fulani suna shigowa cin kara bayan mun tashi. Kwanson da aka harba ma ƙirga shi muke yi mu koma da shi gida. Abin toshe kunne da tabarau ba a tsayawa layi babu su. Ƙarar bindigar nan tana haura desibel 140, jin da ya tafi kuma ba ya dawowa.

Yanayinmu yana da nasa sharaɗin. Da hunturu ƙura tana haɗuwa da mai ta zama abin da ke cin mahaɗa, shi ya sa nake goge tsohon man duk bayan fita in sa sabo kaɗan. Bushewar iska tana sa katako ya tsuke har dogon ƙusan da ke riƙe gindi ya saki, da damina kuma gumin hannu kaɗai ya isa ya bar tsatsa. Ba na barin harsashi a but ɗin mota da rana. Wani baduku a cikin gari ya ɗinka mini kube da fatar jan akuya, amma ba na barin ta ta kwana a ciki, domin fata tana riƙe laima.

Saboda tsadar harsashi da yanayin tsaro, fitarmu ta ragu, mafi yawan aikina a ɗaki nake yi, da bindiga babu komai a ciki, ina ɗagawa ina bin layin da bango ya haɗu da silin. Faifan da ke miƙewa gaba da mai karkata dama sun fara zama nawa. Mai fita hagu da ƙarfi shi ke ba ni aiki, domin ga mai harbi da kafaɗar hagu, idan hannu ne ya ja bakin bindiga zuwa can, katakon yana barin kunci, ido ya rabu da layi. Manjo ya sa na ɗan buɗe tsayuwar ƙafafuna zuwa wannan ɓangare, in riƙa juyawa daga ƙugu hannuwa na nan yadda suke, kuma a kan haka nake har kaka mai zuwa idan an buɗe gonar.